Kajin Shuɗiyar Ƙofa

Shekara bakwai muka yi aiki wuri ɗaya da Baba Zacharias Yamusa, kuma in gaskiya zan faɗa, a shekaru ukun farko ban san sunansa na biyu ba. Mai kaji muke ce masa. In aka ce a kira mai kaji, sai ga shi ya ɓullo daga bayan ɗakin ajiyar dusa da takalmin roba har gwiwa, yana goge hannu a jikin wando. Ni ce mai ɗiban jinin kaji da aunawa, shi ke riƙe mini kazar. Kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa, amma maganar da ke haɗa mu ba ta wuce "ɗaga fiffiken" da "kawo ta gaba" ba.

Ƙaramar cibiya ce ta binciken lafiyar dabbobi a bayan Dei-Dei, inda ƙarar motocin siminti da kukan shanun kasuwar kara ke iso mu in iska ta juyo. Ba zan faɗi sunanta ba, don ko kun je yanzu ba za ku same ta ba. Gidaje ne a wurin, masu jan rufi iri ɗaya. Lokacin farar hula sun dawo mulki, arzikin mai yana shigowa, Abuja tana tsirowa ta kowace kusurwa. Wanda ka bari a ƙafa bara, bana sai ya wuce ka a mota ya ɗaga gilashi. Kowa na sauri, ni ma ina ciki, ba zan wanke kaina ba.

Baba Zacharias mutumin Gbagyi ne na Ushafa. Mahaifiyarsa maginiyar tukwane ce, shi kuma ya tashi manomin doya da dawa, har ranar da aka ja sabuwar hanya ta ratsa tsakiyar gonarsa ta bar masa gefe da gefe. Abin da ya rage bai isa ya ci da gida ba, sai ya nemi aiki, ya samu wannan a shekarar 2001 yana da kusan hamsin. Shekara ɗaya bayan nan matarsa Lucia ta rasu. Ɗansa Wisdom ya tafi Fatakwal neman aiki ya zauna can, 'yarsa Gift ta yi aure a Paikon Kore. Aka bar shi shi kaɗai a gida mai ɗaki huɗu.

Mota biyu yake shiga kullum, ta Dutse da Kubwa, amma duk da haka yana riga kowa isowa. Da azahar mu Musulmi mu tafi salla tare, mu dawo mu ci abinci tare. Kiristocin da suka zo daga kudu su ma suna da teburinsu da yarensu. Shi ba ya cikin waɗannan, ba ya cikin waɗancan. A ƙasarsa muke, a kan gonakin danginsa aka gina ofisoshinmu, amma shi ne baƙo a cikinmu. Gindin mangwaron da ke bayan akurki yake zama, ya kwance dafaffiyar doyarsa daga leda ya ci. In ka wuce ta wurin za ka ji yana magana da kaji da Gbagyi, yana tsayawa kamar mai jiran amsa. Dariya abin yake ba mu, kuma ni ce kan gaba wajen yin ta.

A 2004 Dokta Rahmatu ta zo. 'Yar Zariya ce, ta yi karatu a waje, siririya mai tabarau, mai saurin tafiya da saurin magana. Aikinta a kan rigakafin ciwon nan ne da ke share kajin ƙauye, wanda in ya shiga gari sai ka ga kaza ta murɗe wuya tana zagaye har ta faɗi. Rigakafin akwai shi. Matsalar ita ce wani lokaci jikin kaza yana karɓarsa da sanyi-sanyi, garkuwar da ya gina ba ta da ƙarfi kuma ba ta daɗewa. Don haka ake neman abin da za a haɗa da rigakafin ya zaburar da jiki, kamar yadda za ka taɓa kafaɗar mai gyangyaɗi kafin ka ba shi saƙo. Ita a cikin yauƙin tsirrai take neman wannan abin. Ta ce yauƙin nan wani irin sukari ne marar zaƙi mai doguwar sarƙa, kuma akwai irinsa da ake zaton yana tayar da garkuwar jiki. Ta gwada ƙaro, ta gwada kuɓewa, ta gwada kuka. Babu wanda ya ba ta abin da take so.

Wata safiya tana tsaye a bakin akurki tana yi mini ƙorafi, sai muka ji murya daga bayanmu.

"Dokta, ka gwada dargaza?"

Haka Hausarsa take, mace da namiji duk "ka" ne a wurinsa. Na juya zan ce masa ya kula da aikinsa, amma Dokta ta riga ni.

"Dargaza? Ta me, Baba?"

Ya ce mahaifiyarsa takan ɓare ɓawon dargaza ta jiƙa a tukunya ya kwana, ya fitar da yauƙi. In labari ya zo cewa ciwon kaji ya shigo ƙauyen kusa, sai ta riƙa zuba ruwan a kaskon kajinta kowace safiya. Ya ce na maƙwabta su mutu, nata su tsaya. Ni dai a raina na ce kowa da irin labarin da yake bayarwa a kan uwarsa. Dokta kuwa sai ta kifa bokiti ta zauna a kai, ta buɗe littafinta. Ta tambaye shi wane wata ake ɓara, daga reshe ko daga gindi, ruwan sanyi ko na zafi. Ta tambayi sunan mahaifiyar, ta sa ya maimaita har sau uku sai da ta rubuta shi daidai a saman shafi. Sannan ta ce, "Baba Yamusa, in wannan abu ya yi aiki, sunanta zai fito a takardar da za mu buga."

A ranar na fara jin sunan Yamusa. Shi kuma ya tsaya riƙe da tsintsiya bai san inda zai sa idonsa ba.

Gwajin farko a ɗakin aiki ya ba da alamar fata, har Dokta ta samo tallafin shekara uku. Sharaɗin a fili yake, kowa a cibiyar ya san shi: in dargaza ta nuna amfani a jikin kaji, sashenmu zai ci gaba, in ba ta nuna ba, za a rufe shi, Dokta ta kama gabanta. Mu sauran za a iya mayar da mu wani sashe. Baba Zacharias kuwa abu biyu ya ɗora a kai, sunan mahaifiyarsa da mutum ɗaya tilo da ke tsayawa ta tambaye shi ya ya kwana ta kuma jira amsa.

Daga nan ya canza. Kowace Litinin sai ya iso da ƙunshin ɓawo a kafaɗa, kamar yadda mutanensu ke ɗaukar kaya. Mu jiƙa, mu tace, mu zuba barasar ɗakin gwaji, wadda ba ta sha ba, sai farin zare ya taso kamar auduga. Mu tsame, mu busar, mu niƙa ya zama gari. Aiki ne mai cin rai. Buhu guda na ɓawo da ƙyar yake cika gwangwanin madara da gari. Sau da yawa Dokta takan ɗaga kwalbar ta duba ta ce, "Hafsah, abin nan ba ya isa. Wallahi ba ya isa." Baba yana bakin ƙofa yana ji.

Aka raba kaji gida biyu. Akurki ɗaya aka shafa wa ƙofarsa jan fenti, ɗaya shuɗi. Na jar ƙofa za a ba su rigakafi a ruwan sha haɗe da garin dargaza, a ci gaba da sa musu garin har kwana bakwai. Na shuɗiyar ƙofa rigakafi kawai za su sha. Dalilin a wurinmu ko tambaya ba ya bukata: in ba ka da waɗanda ba su sha ba, da me za ka gwada ka gane ko waɗanda suka sha sun ƙaru? Dokta ta bayyana wannan ga kwamiti, ta bayyana wa masu tallafi, ta zana shi a allo ga ɗaliban da suka zo ziyara. Ni na rubuta wa Baba dokokin a kwali na manna a bango: abinci ɗaya, awo ɗaya, kada a haɗa kajin, a wanke takalmi kafin a shiga na biyu. Dokoki muka ba shi, ba mu ba shi dalili ba. Ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba cewa mai kaji yana bukatar dalili.

Ya kiyaye kowace doka. Ban taɓa ganin akurki mai tsabta irin nasa ba. In kaza ɗaya ta yi shiru ya riga mu sani, ya san wadda ba ta son a kama ta ta hagu, ya san wadda ke cin zalin 'yan'uwanta. Bayan kowane mako uku mu ɗebi jini, in kai na'ura in auna garkuwar.

Zagaye na farko, kajin jar ƙofa suka nuna garkuwa mai kyau. Na yi murna har na ɗaga waya zan kira Dokta. Sai na auna na shuɗiyar, na ga su ma haka, babu bambancin da za a kama. Muka ce ko na'ura ce, aka kira mai gyara ya duba ya ce lafiyarta lau. Aka kawo sababbin 'yan tsaki aka sake, muka ƙara yawan garin. Zagaye na biyu ma haka. Dokta ta daina zuwa cin abinci da mu. Tabaraunta ya fara zamewa a hanci don ramewa. Amma ko a lokacin ba ta fasa tsayawa wurin Baba da safe ba, shi kuma kullum sai ya tambaye ta sakamakon gwajin, "Dokta, yaya rizal?" Ta ce, "Muna nan muna dubawa, Baba." Ya ce, "Zai yi. Ka gani kaji duka lafiya."

Zagaye na uku ya ƙare a damina ta 2007, kuma bai bambanta da na baya ba. Dokta ta je gaban kwamiti ta faɗi gaskiya, cewa ba ta ga wani tasiri ba. Aka ba sashen wata uku ya tattara.

Ranar ɗiban jini na ƙarshe raina a ɓace yake. An mayar da ni wani sashe da ba na so, ga ruwan sama ya jiƙa ni tun daga bakin titi. Baba yana riƙe da kaza, ya sake yin tambayarsa ta kullum, wannan karon gare ni.

"Hajiya, yaya rizal?"

Na ce, "Baba, don Allah ka ƙyale ni da rizal ɗin nan. Dargazar ba ta yi ba. Shekara uku muna wahalar banza. Kajin da suka sha da waɗanda ba su sha ba duk ɗaya suke."

Ya ce, "Wane kaji ne bai sha ba?"

"Na shuɗiyar ƙofa mana."

"A'a, Hajiya. Ya sha."

Allurar tana hannuna, na tsaya. Na ce ya maimaita. Maimakon ya maimaita sai ya saki kazar a hankali, ya ce in biyo shi. Muka zagaya bayan ɗakin dusa, ya ɗaga wani tsohon kwanon rufi. Ga tukunyar ƙasa irin ta Ushafa, baƙa mai zane a wuya, cike da ɓawon dargaza a jiƙe.

Ya yi mini bayani fuskarsa a sake, kamar mai nuna kyautar da ya daɗe yana ɓoyewa. Ya ce ya ga ana ba na jar ƙofa gari ana hana na shuɗiyar. Ya kuma ji Dokta da kunnensa tana cewa garin ba ya isa. To me ya rage? Garin ne bai kai ba, kuma Dokta mai kunya ce, ba za ta ce ya ƙaro ɓawo ba tana ganin nisan da yake ɗaukowa. Shi ya sa yake ɓaro nasa daban ya jiƙa yadda mahaifiyarsa ke yi, ya zuba wa na shuɗiyar ƙofa da sassafe kafin kowa ya zo. Ya ce a gidansu ba a ba wasu a bar wasu suna kallo, ko kaji ne. Bai faɗa ba don kada Dokta ta ji nauyin yi masa godiya. Tun zagaye na farko yake yi, bai taɓa tsallake rana ba.

Ina da zuciya, duk wanda ya san ni ya san haka. Abin da na faɗa masa a bayan ɗakin nan ba zan rubuta shi duka ba. Na ce ya kashe aikin shekara uku. Na ce shi ya kori Dokta da hannunsa. Na ce wa ya aike shi? Cikin faɗan ne, da ihu, na yi masa bayanin amfanin shuɗiyar ƙofa. Ina kallo fahimtar tana shigarsa, kafaɗunsa suna sauka. Ya dafa bango ya zauna a kan buhun dusa.

"To dargaza ya yi ko bai yi ba?"

Na ce, "Ba wanda ya sani. Yanzu ba mai iya sani."

Wannan ita ce gaskiyar. Mai yiwuwa dargazar ta yi aiki a ɓangaren biyu, mai yiwuwa kuma ba ta yi komai ba, rigakafin ne kaɗai da kyakkyawan kiwo. Sakamakonmu ba ya iya raba waɗannan biyun.

Na juya zan tafi ofishin Dokta, sai ya ce, "Hajiya, ka bari ni zan faɗa." Ranar Alhamis ce. Na ce na ba shi zuwa Litinin.

Kwana ukun nan na yi ta tunanin ba zai dawo ba, kuma da bai dawo ba da ban ga laifinsa ba. Da bai nuna mini tukunyar ba ma, da ba mai sani har abada. Dokta za ta tafi tana ganin girmansa, a rubuta cewa dargaza ba ta da amfani, shi ke nan. In ya faɗa kuwa, ya wanke dargazar mahaifiyarsa daga wannan hukunci, amma ya zubar da kansa a idon mutum ɗaya da ke ganinsa.

Litinin ya zo da kayan da yake sawa zuwa coci, farar riga mai dogon hannu an goge ta har ta yi kaifi. Tukunyar tana kafaɗarsa. Dokta tana cikin kwalaye tana ɗaure littattafai. Ya ajiye tukunyar a tsakiyar ofis, ya cire hula, ya faɗi komai a tsaye tun daga farko. Bai kawo uzuri ba, bai kuma ce ni na gano ba.

Dokta ta cire tabarau. Ta daɗe tana kallon tukunyar. Na ce a raina yau za a ji faɗan da ya fi nawa. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Kowace safiya, Baba?"

"Kowace safiya, Dokta."

"Daga Ushafa kake ɗauko ƙarin?"

"E."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Ban san ko kuka take ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Da ta ɗago ta ce, "Na yi wa mutum ɗari bayanin aikin nan. Waɗanda ba su taɓa riƙe kaza ba na yi musu. Kai da ka kawo mini shi ban yi maka ba. Laifina ne, Baba Yamusa, ba naka ba."

Ya ce, "To a sake, Dokta. Wannan karo ba zan ba shi ko ɗigo ba."

Ta gwada, wannan zan shaide ta. Ta rubuta wa kwamiti, ta rubuta wa masu tallafi, ta janye rahotonta ta ce gwajin ya gurɓace, kuma ba ta ambaci sunansa ba ko a layi ɗaya. Amma wa zai sake ba da shekara uku ga wadda ta ce da bakinta gwajinta ya lalace? Ga shi kuma an riga an sa ido a kan filin cibiyar. A farkon 2008 ta samu aikin koyarwa a Malesiya ta tafi. Ranar tafiyarta ta zagaya bayan akurki ta yi masa sallama, ta ce in Allah ya dawo da ita za su sake gwajin tare, yadda ya kamata. Irin maganar da ake faɗa ce wajen rabuwa. Ni na san haka, ita ma ina jin ta sani.

Aka sayar da kajin, aka sallami Baba. Ban nemi gafararsa a kan abin da na faɗa masa ba. Na yi niyya, sai yau sai gobe, har aka rushe wurin.

Sai a 2011 na je Ushafa, kuma ba don shi na je ba, randa na je saya. Mai tukwanen na tambaya a kan hanyar fita ko ta san wani Zacharias Yamusa. Ta ce, "Mai akurki biyu?" ta nuna mini gida a gindin dutse.

Na same shi a tsakar gida shi kaɗai, ya tsufa fiye da shekara ukun da suka wuce. Ɗakuna uku a rufe da kwaɗo. Ya yi murna da ganina har na ji kunya ta rufe ni. Ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa a sabon kasko. Sai na ɗaga ido na ga akurki biyu a ƙarshen gidan, na laka, da tazara a tsakaninsu. Ƙofar ɗaya ja, ɗaya shuɗiya.

Ya ce yana sayo rigakafi a shagon maganin dabbobi a Bwari ya ba su duka. Dargaza kuwa na jar ƙofa kaɗai. Abinci ɗaya, awo ɗaya, yana wanke takalmi. Ya shiga ɗaki ya fito da ƙananan tukwane biyu, ɗaya da ɗigon jan fenti, ɗaya da shuɗi. Duk kazar da ta yi ciwo sai ya jefa tsakuwa a tukunyar ɓangarenta. Ya zazzage su a tabarma a gabana, ya ce in duba in aika wa Dokta.

Na dubi tsakuwoyin. Da sauƙi in ce masa madalla, zan aika, in tashi in tafi da randata. Har na buɗe baki. Sai na tuna kwalin dokokin nan da na manna masa a bango. Na gyara zama. Na roƙi gafararsa tukuna, ya ce ba komai tun kafin in gama. Sannan na yi masa bayani tun daga tushe, a hankali, ba da ihu ba. Yadda rigakafi ke aiki a jiki, abin da muke nema a jini, dalilin da ya sa kaji ashirin ba su isa ba, dalilin da ya sa tsakuwa ba za ta iya gaya mana wane ciwo ne ya kama kaza ba. Na gaya masa na'urar ba ta nan, cibiyar ba ta nan, Dokta kuma ta koma wani fannin daban, rabona da jin ta ya fi shekara. Na ce masa abin da yake yi ba zai ba da amsar ba. Mun fi awa guda. Ya yi tambayoyi, wasu ma sai da na yi tunani kafin in amsa.

Da na gama ya tattara tsakuwoyin, kowace ya mayar da ita tukunyarta.

"Na gode, Hajiya. Yau ne farko wani ya zauna ya gaya mini aikin da na yi."

Maganar ta soke ni, kuma har yau tana nan inda ta shiga. Shekara bakwai ina tsaye kusa da mutumin nan.

La'asar ta yi, lokacin canza musu ruwa. Ya ɗauko ƙwarya ya ɗebo ruwan dargaza daga baƙar tukunyar nan da na sani. Hanyar zuwa jar ƙofa ta gaban shuɗiyar take bi. Kajin shuɗiyar ƙofa suna ganin ƙwarya suka taso gaba ɗaya, suka taru a jikin waya suna miƙo wuya. Ya kawar da kai gefe, ya faɗa musu wata magana da Gbagyi ƙasa-ƙasa, ya ƙara sauri ya wuce. Da ya dawo na tambaye shi me ya ce musu. Ya ce haƙuri yake ba su, kullum sai ya ba su, don wannan wucewar ita ce ta fi masa wuya a duk yinin.

Na ce, "To Baba, tunda ka ji ba zai ba da amsa ba, ka ba su mana. Ko ka haɗa su wuri ɗaya ka huta."

Ya kife ƙwaryar a bakin tukunya, ya goge hannu a jikin wando.

"Dokta ya ce za mu sake. In ya dawo, kada ya tarar na haɗa su."

Ya rako ni har bakin mota da randar a kafaɗarsa. Da muka tashi na waiwaya, na ga ya juya ya kama hanyar gida shi kaɗai, yana sauri don bai rufe akurki ba.